Gwaggo Tela da Tef Mai Launi Uku

Kafin Gwaggo Tela ta fara saka farar riga tana cewa ita ma'aikaciyar lafiya ce, shekara ashirin da biyu ta yi tana taka keken ɗinki a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu. Babu matar da ke layin da ba ta taɓa tsayawa a gabanta ba, hannuwa a sama kamar wadda aka kama da kayan sata, tef zagaye da ƙugu, Gwaggo kuma tana faɗin lambar da ƙarfi yadda mai wucewa a titi ma zai ji. In mace ta ce don Allah ta rage murya, sai ta ce, "To ni na ci miki abincin?"

Amma a faɗi gaskiya, ɗinkinta ba ya matse mutum. Mace za ta karɓi riga da cikin wata uku, ta kai wata bakwai ba a warware mata ko zare ɗaya ba. Shi ya sa ake haƙuri da bakinta.

Ciwon baya ne ya raba ta da keke. Likita ya ce ko ta bar sunkuyo, ko sunkuyo ya zame mata tafiya. Ana cikin haka aka buɗe cibiyar kula da abincin yara a bayan ƙaramin asibitin unguwa, aka ce ana neman mata masu iya karanta lamba, waɗanda kuma iyaye mata ba sa jin tsoronsu. Sharaɗi na biyun nan dai Allah kaɗai ya san yadda ta tsallake shi. Aka yi musu horo na kwana uku, aka damƙa mata tef.

Ba irin nata na ɗinki ba ne. Wani ɗan siriri ne na roba, an raba shi launi uku. Ana zagaya shi a damtsen yaro na hagu, daidai tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a zura bakinsa ta wata 'yar taga, a karanta lambar da kibiya ta nuna. In kibiya ta faɗa kan ja, tamowa ta kama yaro sosai, sai a wuce da shi wajen nas babu ɓata lokaci. In rawaya ce, ya kama hanya, sai a buɗe masa kati a riƙa ba shi abincin ƙari na 'yar leda. In kore ne, a yi wa uwa nasiha ta koma gida. Kore yana farawa ne daga milimita ɗari da ashirin da biyar.

Gwaggo ta dawo daga horon tana cika tana batsewa. Ta ce wa mijinta, wani dattijo mai gyaran rediyo da yanzu rediyon ma ba a cika kawowa ba, "Malam, kwana uku fa ana koya mini riƙe tef. Ni! Saura su kira ni su koya mini sunana."

Farar rigar aiki da aka ba ta ma cewa ta yi ɗinkin wulaƙanci ne. Ta warware ta gaba ɗaya ta sake ɗinkewa, ta ƙara aljihu biyu.

Shekara huɗu tana kan teburin awo. Ɗakin dogo ne, benci shida a jere, fanka ɗaya a sama mai juyawa ranar da ta ga dama. A kusurwa sikeli yana rataye, da ɗan wandon nan da ake zura yaro a ciki yana lilo yana tsala ihu. Mai kula da shi kowa Mai Sikeli yake ce masa, ban da Gwaggo da ke kiransa Mahauci, don shekara goma sha biyar ya yi yana auna nama a kasuwa kafin ya koma makarantar yamma ya samo takarda. Yaro na shigowa a goye zai dube shi ya ce, "Kilo takwas da ɗari biyu," a rataya, a ga bai kauce sosai ba. Can ciki kuma akwai Sista, nas ɗin cibiyar, wadda ta yi shekara ashirin da shida a ɗakin jinyar yara. Ita daga jin kuka take gane na yunwa da na ciwon kunne da na iya shege.

Tsakanin Gwaggo da Sista akwai wata rigima da ba ta ƙarewa. Wani lokaci tef zai nuna kore, amma Gwaggo ta tsaya tana kallon yaro. Ta shafa gashinsa ta ji ya yi laushi ya yi ja, ta danna bayan ƙafarsa, ta duba yadda yake zaune shiru kamar tsoho. Sai ta ce wa uwar, "Tef ya ce gida, ni na ce Sista. Wuce ciki."

Sista ta leƙo. "Tela, wai ke ce likita ko tef ɗin ne?"

"Mu biyu muke haɗawa, Sista. Shi yana da lamba, ni ina da ido."

Sista ta yi tsaki, ta karɓi yaron.

A shekara ta huɗun nan aka turo sabuwar shugaba. Yarinya ce, sa'ar 'yar Gwaggo ta biyu, amma digirinta biyu a ilimin abinci mai gina jiki, kuma ta yi aiki a wurare har uku kafin nan. Biro uku take sakawa a aljihu, kowane da launinsa. Ba ta da faɗa, tana gaida manya har da rusunawa, sai dai ba ta iya yin magana uku ba ta ambaci milimita ba. Kafin ta cika mako Gwaggo ta raɗa mata 'Yar Milimita, sunan ya bi ta har wajen mai gadi.

'Yar Milimita ta tara su ta ce za a yi gwajin hannu. Za a kawo yara goma. Kowane mai awo zai auna su ya miƙa takarda, a sauya wa yaran wurin zama, ya sake auna su a sabuwar takarda. Daga nan a duba abu biyu: ko mutum ya yarda da kansa, wato awonsa na farko da na biyu sun zo ɗaya, da kuma ko ya yarda da awon shugaba. Wanda ya faɗi a ba shi mako ɗaya ya sake. In ya sake faɗuwa ya bar teburin awo.

"Ya koma ina?" in ji Mai Sikeli.

"Bakin ƙofa. Raba lamba da kiran suna."

Gwaggo ta yi dariya har da buga cinya. Ta ce, "Mahauci, sai ka fara gyara murya."

Aka yi gwaji ranar Litinin. Washegari da rana, bayan an sallami iyaye, shugaba ta kira Gwaggo ofishinta ta rufe ƙofa. Takardu biyu a gabanta.

"Gwaggo, ban taɓa ganin hannu irin naki ba. Yara goma, awo na farko da na biyu duk ɗaya, ko milimita guda bai kauce ba. Ni kaina ban iya haka ba."

Gwaggo ta gyara zama, ta shafa aljihun farar riga. "Ai 'yata tun ba a haife ki ba nake..."

"Amma kin faɗi."

"Na me?"

"Kowane yaro kin ƙara masa bakwai a kan nawa. Duka goman. Ba shida ba, ba takwas ba."

"To ke ce kika rage musu bakwai."

Shugaba ba ta ji haushi ba. Ta nuna mata takardun sauran masu awo uku, duk sun bi nata. Sannan ta aika aka kira wata uwa da ta makara tana jiran Sista, ta ce Gwaggo ta auna yaron a gabanta. Gwaggo ta ɗauki tef da bakin yatsu kamar mai ɗaukar garwashi, ta nemo tsakiyar damtse yadda aka koya a horo, ta zagaya a hankali, numfashi ma ba ta yi. Ɗari da talatin da uku. Shugaba ta auna. Ɗari da talatin da uku. Aka sake. Haka.

Nan fuskar 'Yar Milimita ta canja. Ta sallami uwar, ta daɗe tana juya jan biro.

"Ashe kin iya. To in ina kallo ki auna daidai, in ba na kallo ki ƙara. Gwaggo, ki gafarce ni, dole in tambaya. Ko don layi ya ragu ne a tashi da wuri?"

Da zaginta aka yi da ya fi mata sauƙi. Gwaggo ta miƙe. Ta ninke tef ta saka a aljihu ta fita. Mai Sikeli ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga idonta, ya mayar da bakinsa ya kama goge sikelin da ya riga ya goge.

Bakin ƙofa! Ita da ta cika unguwa da cewa babu yaron da ke shiga wajen Sista sai da sa hannunta. Ita za ta tsaya tana kiran "lamba goma sha bakwai" kamar kwandasta, matan da ta sha faɗa wa faɗin ƙugunsu suna wucewa suna mata sannu da aiki. Ga kuma zargin rage layi da shugaba ta yi mata.

Makon nan gidan Gwaggo bai ga zaman lafiya ba. Ta fara da zargin tabarau, ta je aka duba aka ce lafiyarsa ƙalau. Ta koma zargin tef, ta ɗauke na wata abokiyar aikinta ta ajiye mata nata, aka gwada su a jere aka ga tsawonsu ɗaya. Sai ta shiga auna duk abin da ke da zagaye a gidan: ƙafar tebur, kwalbar mai, muciya, bututun ruwa, ayabar da Malam ya sayo. Ta auna da tef mai launi, ta auna da tsohon tef ɗinta na ɗinki, lamba ta zo ɗaya. Yaran maƙwabta kuwa da sun hango farar riga sai su watse, don ta tare su sau uku a rana ɗaya. Akwai maƙwabciyar da ta aiko a ce mata don girman Allah ta bar mata damtsen 'ya, ya fara sheƙi.

Ranar Asabar da yamma Malam yana zaune a tabarma ya buɗe cikin wata tsohuwar rediyo, ta zo ta tsaya a kansa.

"Kawo hannunka."

"Ni kuma? Tamowar ce ta kama ni da furfurata?"

"Wuyan hannunka nake so, kaurinsa ɗaya da damtsen ɗan shekara biyu. Kawo."

Ya miƙa hagu, yana ci gaba da tsokanar rediyo da dama. Ta auna ta rubuta. Ta sake. Tana cikin na uku ta hango tsofaffin batura guda huɗu a cikin kwanon da take jiƙa wake, sai faɗa ya tashi. Sau nawa za ta ce kwanon abinci ba shagonsa ba ne? Shekara talatin tana tsintar sukurori a cikin shinkafa, in wata rana ta haɗiye guda ta fara kama tasha, shi za a tambaya. Bakinta yana tafiya, hannunta ma yana tafiya da kansa.

"Tela," in ji Malam, ko ɗagowa bai yi ba, "yi faɗanki, amma cire mini ɗan yatsan nan, sanyi gare shi."

"Wane ɗan yatsa?"

"Wanda kike cusawa ta ƙasa mana."

"Ni ba na cusa komai."

"Shekara talatin kina auna mini wuya da ƙirji, ban san yatsan matata ba? Ga shi nan."

Ya juya hannunsa sama. Ga shi kuwa. Kan manuninta na dama ya laɓe tsakanin tef da fata, ta bayan hannu inda ido ba ya kaiwa, ya yi lamo kamar ɗan haya da ya ga mai gida. Ta dubi tagar tef. Ta zare yatsan, tef ya kwanta, ta sake duba. Lamba ta ragu da bakwai cif.

Sai ta tuna matar da ta koya mata ɗinki tana 'yar shekara goma sha huɗu, da katakon awon da take kwaɗa mata a bayan hannu duk lokacin da ta ja tef ya manne da jikin mutum. "Saka yatsa! Wanda zai sa rigar ba zai yi numfashi ba ne?" An kwaɗe ta har yatsan ya koyi shiga ba sai an aike shi ba. Ƙafar tebur ba ta numfashi, shi ya sa bai shiga ba. Gaban shugaba kuma tsoro ya riƙe shi. Amma da zarar ga jikin mutum, ga hira ta yi daɗi, sai ya tafi aikinsa.

Malam ya kwashe da dariya har rediyo ta faɗi. "Wato shekara huɗu kina ɗinka wa 'ya'yan mutane riga da rara! Su ƙiba su cike!"

Ya ga ba ta dariya. Ta zauna a bakin tabarma, tef a cinya.

"Malam, duk yaron da na rubuta masa tsakanin ɗari da ashirin da biyar da ɗari da talatin da ɗaya, na ce da uwarsa kore ne. Ba kore ba ne."

Ya ɗauko rediyon ya ajiye gefe. Sai ya tashi ya kwashe baturansa daga cikin kwano.

Gane ɓarawo daban, kama shi daban. Ranar Lahadi ta wuni tana fama. Ta ce wa yatsan kul, ya ji, ta auna Malam sau biyar lafiya. Ya ja ta da hirar kuɗin wuta, kafin ta ankara yatsan ya koma. Ta gwada riƙe tef da hagu, tef ya murɗe. Ta gwada yin shiru, to Gwaggo da shiru ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba, kuma yaro mai kuka in ba a yi masa surutu ba ba ya tsayawa. Daga ƙarshe Malam ya ɗauko baƙin salatif ɗinsa na waya ya naɗe manunin da na tsakiya wuri guda. Yatsa biyu a haɗe ba sa shiga ƙarƙashin tef. Aka gwada da hira, aka gwada da faɗa, lamba ba ta motsa ba.

Litinin da sassafe ta shiga ɗakin Sista ta canja baƙin salatif da farar filasta, don a yi abin da mutunci. Tana fitowa ta yi karo da Mai Sikeli.

"Yaya Tela, me ya sami hannu?"

"Wuƙa."

"Wuƙa? Ni za ki gaya wa wuƙa? Yankan wuƙa babu auduga babu jini, kuma yatsa biyu a ɗaure kamar an kama su suna faɗa?" Ya ƙura wa hannun ido, ya dubi tef ɗin da ke aljihunta, sai ya toshe baki da hula. Da ya samu numfashi ya matso ya rage murya. "Kar ki ji komai. Ni babban yatsana sai da ya yi wata shida a nan kafin ya daina neman gefen sikeli."

"Kai da gangan kake yi, Mahauci."

"Da farko. Daga baya shi yake zuwa da kansa."

Aka kawo yara goma. Na uku ya yi mata fitsari a farar riga, na bakwai ya kama filastar da haƙori sai da uwarsa ta ɓamɓare shi. Gwaggo tana awo tana musu surutunta, yatsun nan biyu a miƙe kamar mai rantsuwa. Aka sauya wa yara wuri, aka sake. Wannan karon shugaba ba ta bari sai gobe ba, a tsaye ta haɗa takardun.

"Kin ci, Gwaggo. Tara daidai da nawa, ɗaya ya kauce da biyu. Kin fi kowa." Ta ajiye takardun. "Maganar da na yi miki ranar nan, ta layi..."

Nan ne fa mai wayo zai karɓi ban-haƙuri ya yi gaba, ya bar yarinya da kunyarta. Mai Sikeli ma daga bayan shugaba yana ta yi mata alama da ido ta tafi. Gwaggo ta kai bakin ƙofa, ta tsaya, ta dawo.

"Kawo hannunki, 'yata."

Ta warware filasta, ta zagaya tef a wuyan hannun shugaba, ta fara ba ta labarin wata amarya da ta taɓa kawo yadi uku tana son riga da zani da ɗankwali da ragowa. Ba ta kai rabin labarin ba ta juya hannun sama. 'Yar Milimita ta dubi yatsan, ta dubi taga, ta sake duban yatsan.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka ba ni tef."

Shugaba ta zauna. Ta ciro biro ɗaya ta mayar, ta ciro wani.

"Kin san in na rubuta wannan, cin gwajin ba lallai ya cece ki ba?"

"Na sani. Ki fara ba ni littafin awo tukuna."

Su uku suka zauna a kansa da Sista, suka bi na wata uku baya, suna tsamo duk yaron da Gwaggo ta rubuta wa tsakanin ɗari da ashirin da biyar da ɗari da talatin da ɗaya. Talatin da takwas. Sista ta jawo nata littafin tana bi suna-suna da ɗan yatsa, tana cewa wannan ya zo wajena, wannan ma, wannan ai har ya warke. Ashirin da uku daga ciki Gwaggo ta riga ta tura su ciki da ido, tef yana cewa gida.

"Shekara huɗu ina miki tsaki," in ji Sista, "ashe idonki ne ke bin yatsanki yana share masa ɓarna."

Saura goma sha biyar. Shugaba ta rufe littafi ta ce maganar tebur sai an ga waɗannan.

Kwana biyu suka yi suna bin gidaje a motar cibiya, Gwaggo a gaba don ita ta san lungu, shugaba a baya da sikeli a cinya. Goma sun cike da kansu, kore na gaskiya. Huɗu rawaya, aka buɗe musu kati nan take. Ta ƙarshe wata 'yar wata goma sha takwas ce, a wani ɗaki ɗaya bayan shagon mai walda. Wata biyu da suka wuce Gwaggo ta rubuta mata ɗari da ashirin da tara. Tun daga bakin ƙofa da ta ga yarinyar zaune a kan tabarma ba ta ko korar ƙudan da ke fuskarta, ta san ba sai an auna ba. Ta auna. Ɗari da goma sha uku. Ja.

Uwar, yarinya ce ƙarama mai wankau, ta saki bokiti. "Amma Gwaggo ke kika ce mini kore ce. Ke kika ce in ƙara mata ƙwai in daina damuwa. Na ga tana ramewa na ce ai Gwaggo ta auna."

"Ni na faɗa. Kuskure na yi, ba ke ba. Zage ni a mota, ɗauko zaninta."

Ba ta zage ta ba. Ta goya 'yarta suka shiga mota har cibiya. Sista ta karɓi yarinyar, ta duba ta, ta yaga bakin 'yar ledar abinci ta miƙa wa uwar. Kowa ya zuba ido, don in yaro ya ƙi ci sai an kwantar da shi a babban asibiti. Yarinyar ta shinshina, ta kau da kai, ta dawo ta lasa. Sai ta kama ledar da hannu biyu. Da uwar ta so gyara mata riƙo, ta ƙwalla ƙara.

"Wannan kukan na rowa ne," in ji Sista. "Za ta tashi."

Da yamma shugaba ta kira Gwaggo. Ta ce ta rubuta komai, yatsa da ido da yara goma sha biyar, ba ta rage ba ba ta ƙara ba. Ta ce a ƙarshen takardar ta rubuta cewa ita dai ba za ta ɗauke ta daga teburin awo ba. Amma za a sake gwada ta duk wata har sau shida, Gwaggon ce za ta riƙa bin yarinyar nan gida duk mako har ta koma kore, kuma ba za ta sake taɓa tef ba sai yatsa a ɗaure.

"Har yaushe?"

"Har ya tuba."

"To ki rubuta har ritaya," in ji Gwaggo.

Washegari ƙarfe takwas saura ta leƙa ɗakin Sista ta miƙa hannu. Sista ta jawo durowa ta kulle, ta saka makulli a aljihu.

"Filastar nan ta masu ciwo ce, Tela. Naki ba ciwo ba ne, hali ne."

Benci shida sun cika, yara sun fara gwajin murya. Gwaggo ta laluba aljihun farar riga ta ciro baƙin salatif ɗin Malam, ta yanka da haƙori, ta naɗe yatsunta, ta ce lamba ɗaya ta matso.